Yadda Ake Ƙera Ɗan Mutum-mutumin Scorpion na Mortal Kombat Mai Lanƙwasa Gaɓoɓi

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gem ya san Scorpion, jarumin nan mai baƙaƙen kaya da ruwan ɗorawa, wanda ke jefa mashi ɗaure da igiya ya fizgo abokin karawarsa. Yana cikin Mortal Kombat tun fitowar wasan a 1992, lokacin da Ed Boon da John Tobias suka ƙirƙire shi a kamfanin Midway na Amurka. Ba farin jininsa kaɗai ya sa na zaɓe shi ba. Fuskarsa a rufe take, idanu kawai ake gani, kuma hanci da baki su ne ke kayar da sabon hannu a wannan aiki. Bayan haka, baƙin kayan da za mu sa masa a ciki zai ɓoye mana gwiwoyi da kafaɗu, wuraren da za mu bar waya tsirara domin ɗan mutumin ya riƙa lanƙwasuwa. Wanda ya fara da jarumi mai buɗaɗɗiyar fuska da tsirarar damatsa ya ɗora wa kansa wahala biyu tun ran farko.

Tsayin abin da za mu yi santimita 16 ne. Zai motsa wuya, kafaɗu, gwiwar hannu, ƙugu da gwiwoyi. Ka ware masa mako guda, domin jiran bushewa ya fi aikin hannun cin lokaci.

Na san akwai waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da ƙera surar mai rai ba saboda addini. Malamai sun yi bayani a kai, har da abin da ya shafi kayan wasan yara, saboda haka mai shakka ya tambayi malaminsa kafin ya fara. Haɗin yumɓun da aikin fentin da ke tafe za su yi masa amfani ko da mota ko gini ya zaɓa ya ƙera.

Kayan da za ka tara

Waya ce kan gaba. Ka je wurin masu naɗin koyil na fanka da janareto ka nemi wayar tagulla mai kaurin milimita ɗaya, mita ɗaya da rabi, da wata siririya ƙwarai kamar rabin mita. Tasu ta fi, domin tana da rufin banish a jikinta. In ba ka samu ba, ka feɗe wayar wuta mai sili ɗaya. Ka guji wayar ɗaurin rodi: tana tsatsa a cikin ɗanyen yumɓu, tsatsar kuma ta ɓullo ta saman fenti.

Sai gam iri biyu, farin gam na kafintoci irin Top Bond da kuma Super Glue. Sai sitacin masara, farin garin nan mai santsi da ake ce wa konfulawa, ba garin tuwo ba. Sai man jarirai ko man gyaɗa, lemon tsami, takardar alminiyon da ake naɗe gasasshen kifi, guntun soson katifa, zaren ɗinki baƙi, tsohuwar baƙar safa mai talewa, da ƙyalle ruwan ɗorawa mara kauri daga wurin tela. Fenti kuwa akirilik za ka nema, wanda ake sirkawa da ruwa: fari, baƙi, ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa da ruwan azurfa. Kayan hannu su ne filaya, almakashi, reza, allura, tsinken sakace, rula, samfefa mai laushi da ƙananan buroshi biyu.

Fara da yumɓun, domin sai ya kwana

Akwai yumɓun roba na shago da ake gasawa, akwai kuma na haɗi biyu irin Milliput, amma ba ko'ina ake samunsu ba kuma da tsada. Wanda za ka dafa da kanka ya ishe ka.

Ka zuba kofi ɗaya na farin gam da kofi ɗaya na sitaci a tsohuwar tukunyar da ba za a ƙara girki da ita ba. Ka ƙara cokali ɗaya na mai da cokali ɗaya na ruwan lemon tsami. Man yana sa shi laushi, lemon kuma yana hana shi saurin fumfuna. Ka juya tun kafin ka ɗora, har gudaji su ɓace. Sannan ka ɗora a wuta kaɗan-kaɗan kana tuƙawa kamar tuwo, ba tsayawa. Zai fara yin gudaji, ya yi kauri, daga nan ya tattare wuri guda ya saki jikin tukunya. Nan take ka sauke. In ka bar shi ya wuce haka zai yi tauri irin na roba ya ƙi murzuwa, kuma babu gyara.

Ka shafa mai a hannu da kan faranti, ka bari zafin ya ragu yadda za ka iya taɓawa, ka yi ta murzawa har ya yi sumul. Ka ɗiga ɗan farin fenti ka murza tare, in ba haka ba zai bushe da wani launi garai-garai mai ɗaukar fenti da ƙyar. Ka ƙulle shi a leda ba iska, ya kwana. Washegari ka gutsuri kaɗan ka ja: in ya miƙe ya tsinke da siririn baki, ya yi. In yana manne wa yatsa, ka barbaɗa sitaci. In yana tsagewa, ka ƙara ɗigon gam.

Abu guda ka riƙe game da wannan yumɓu: yana raguwa idan ya bushe, kusan kashi ɗaya cikin goma ko fiye. Duk abin da za ka yi da shi, ka ɗan fi girman da kake so.

Zane da ƙashi

Kafin ka taɓa waya, ka samo hotunan Scorpion ta gaba, ta gefe da ta baya. Ka tsaya kan kama ɗaya. Kayansa a wasannin farko masu sauƙi ne, na Mortal Kombat 11 da ya fito a 2019 kuwa cike suke da sulke da ƙananan ado. Na farkon nake ba ka shawara.

A takarda ka ja layi mai tsayin santimita 16, ka raba shi gida takwas, kowane gida santimita 2. Wannan shi ne awon da masu zane ke yi wa jarumi, tsayin kai takwas. Gidan farko kai ne. Layi na biyu ya ratsa ƙirji, na uku cibiya, na huɗu matsematsi, wato daidai tsakiyar jiki. Gwiwa tana ɗan sama da layi na shida, tafin ƙafa a na takwas. Faɗin kafaɗu santimita 4 da rabi. Gwiwar hannu tana daidai da cibiya, wuyan hannu kuma daidai da matsematsi. Ka zana jikin a kan wannan awo, domin a kan zanen za ka riƙa ɗora komai kana gwadawa.

Yanzu ka ninka doguwar wayar biyu, ka rataya ninkin a ƙusa, ka kama bakunan da filaya ka yi ta murɗawa har ta zama igiya ɗaya. Kada ka matse murɗin ƙwarai. Tagulla tana ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa ta, kuma wadda aka murɗe fiye da kima ta riga ta gaji tun kafin a fara wasa da ita. Amfanin sili biyu shi ne in ɗaya ya karye ɗayan zai riƙe.

Ka yanka gida uku. Na ƙafafu santimita 25: ka lanƙwasa shi ya tashi daga ƙafa ɗaya, ya ratsa ƙugu mai faɗin santimita 2 da rabi, ya sauka ɗaya ƙafar. Na hannaye santimita 18, ya ratsa kafaɗu. Na gadon baya santimita 10, ya taso daga ƙugu ya shige cikin kai. Ragowar ka naɗe ta a wayar ƙugu. A kowace ƙafa ka lanƙwasa wayar ta yi gaba ta yi tafi, ta dawo, ka bar santimita ɗaya yana kallon ƙasa a dunduniya. Shi zai shiga ramin katakon da za a tsayar da shi.

Inda wayoyi suka haɗu, a ƙirji da ƙugu, ka naɗe da zare sosai ka ɗiga Super Glue. Ka yi hattara a nan: wannan gam idan ya haɗu da auduga yana zafi har ya yi hayaƙi mai shiga ido. Ka yi a waje ko bakin taga, ɗigo ɗaya-ɗaya, fuskarka nesa.

Ga matakin da ke raba ɗan mutum mai gaɓoɓi da wanda hannunsa ke lanƙwashewa ko ta ina. Dole sassan da ƙashi yake su yi tauri: damtse, sangalin hannu, cinya da ƙwauri. Ka yanka tsinken sakace daidai tsayin kowanne, ka jingina shi da wayar, ka naɗe da zare, ka sa gam. A gwiwar hannu, gwiwa, kafaɗa, mahaɗar cinya, wuya da tsakiyar ciki ka bar kusan santimita ɗaya na waya ba komai a kai. Kada ka rage wannan tazara don ka ga ta yi yawa. In ta yi ƙanƙanta, wuri guda ne zai riƙa shan lanƙwasa, kuma nan wayar za ta karye. Ka gwada duk gaɓoɓin, ka ɗora ƙashin a kan zanen ka tabbata hannu bai fi hannu ba.

Tsoka

Ƙirji da ƙugu ka cika su da takardar alminiyon, ka danna ta yi tauri, ƙirji mai faɗi a sama mai tsukewa a ƙasa. Ka bar tsakaninsu a buɗe. Damatsa, cinyoyi da ƙwauri kuwa soso za ka yanka sirara, ka manna da farin gam, ka naɗe da zare. Inda ka ja zaren da ƙarfi zai shige, inda ka sassauta zai kumbura, da haka za ka fitar da tudun damtse da na sha-raɓa. Ka rage da almakashi har ya yi daidai da zanen, ya ma ɗan fi shi sirantaka tunda kaya za su hau kai. A kan gaɓoɓi soso mai siriri ƙwarai za ka sa, wanda zai hana waya nunawa ta cikin yadi kawai.

Kai, hannaye da takalma

Duk inda yumɓu zai hau waya, ka fara naɗe wurin da zare. Yana ba yumɓun abin kamawa, kuma yana hana tsamin lemon taɓa tagullar ya fitar da kore.

Ka dunƙula alminiyon ya yi siffar ƙwai, tsayi kusan santimita ɗaya da rabi, ka soke shi a wayar wuya da ɗigon gam. Ka shafa farin gam, ka lulluɓe shi da yumɓu mai kaurin milimita 3. Kada ka yi kan da yumɓu zalla; waje zai bushe ciki yana ɗanye, ya tsage. Ka gyara da yatsa mai ɗan danshi har tsayin ya kai santimita 2 da ɗan ɗoriya. Wannan shi ne hular da ta rufe kan.

Idanu suna tsakiyar tsayin kai ne, ba sama ba kamar yadda hannu ke son kai su. Ka danna gefen tsinke a nan ka yi kwari a kwance. Ka murza yumɓu biyu kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, ka sa a kwarin. Sannan ka ɗora siraran yumɓu biyu a samansu a matsayin gira, bakinsu na ciki ya sunkuyo wajen hanci. Duk fushin Scorpion a wannan karkatar yake. In girar ta kwanta daidai zai fito kamar mai jin barci, in ta ɗaga ta ciki zai fito kamar mai neman taimako. Ka ɓata lokaci a nan, ka riƙa kallonsa daga nesa da hannu, ka kuma duba shi a madubi, domin madubi yana tona karkatar da ido ya saba da ita.

Ka bar kan ya sha iska kwana ɗaya kafin takunkumi. Ka daddanna yumɓu ya yi faɗi da siriri, ka yanka shi ya rufe daga karan hanci zuwa ƙarƙashin haɓa, ya kai kunnuwa. Ka manna da gam, ka tsunkule tsakiya ya yi ƙunya daga hanci zuwa haɓa, ka ja ƙananan layuka a kumatu da allura.

Hannaye ka yi su a dunƙule, ya fi sauƙi kuma ya dace da mayaƙi. Ka yi ƙaramin dunƙule mai kusurwa huɗu, ka ja layi uku da reza ya raba yatsu, ka ɗora babban yatsa a kai. A hannun dama ka soke tsinke ya ratsa, ka bar shi a ciki kana juya shi lokaci-lokaci har ya bushe; ta ramin igiya za ta bi. Takalma kuwa ka danna su a kan tebur domin tafin ya kwanta, ka bar wayar dunduniya a waje.

A shanya a inuwa, kwana biyu zuwa uku. Da hunturu iska tana busar da saman da sauri ya tsattsage, don haka ka kifa masa kwali. Da damina sai ka ƙara haƙuri, ka ajiye shi inda iska ke ratsawa. In tsaga ta fito, ka kwaɓa ɗan yumɓu da gam ya yi laushi ka cike, ya bushe, ka goge da samfefa. Ka kuma sa shi inda ɓera da kyankyaso ba za su kai ba, domin sitaci abinci ne a wurinsu.

Fenti, kafin a sa kaya

Ka fara shafa wa duk sassan yumɓu fari mai ɗan ruwa-ruwa. Ruwan ɗorawa fenti ne mai rauni, ba ya rufe duhu. In ka ɗora shi a kan baƙi zai koma wani kore-kore mai datti. Saboda haka takunkumi ya sha fari tukuna, sannan ruwan ɗorawa shafi uku sirara, kowanne ya bushe kafin na gaba. Shafi ɗaya mai kauri yana cike layukan da ka sha wahalar ja.

Hula, hannaye da takalma baƙi. Fatar da ke kewaye da ido, ka haɗa ruwan ƙasa da fari. Idanun fari fat, babu ƙwayar baƙi, haka yake a wasan. Da bakin tsinke za ka ɗiga su.

Dabaru biyu ne za su fitar da aikin. Ka sirka ruwan ƙasa da ruwa mai yawa, ka shafe takunkumin, ka goge saman da tsumma nan da nan. Launin zai zauna a cikin layuka ya ba su zurfi. Sannan ka tsoma busasshen buroshi a launin toka, ka goge shi a takarda har ya kusa ƙarewa, ka shafa sama-sama a kan hula da ƙullin yatsu. Baƙin da ya yi shafe zai nuna tudu da kwari. Bayan kwana ɗaya ka shafa banish mara ƙyalli. Wannan yumɓu ruwa yana jiƙa shi ko bayan ya bushe, banish ɗin ne kariyarsa.

Kaya

Ka yanka safar gida-gida: biyu na hannaye, biyu na ƙafafu, ɗaya na gangar jiki. A jikinsa za ka ɗinke su. Ka naɗa kowane yanki, ka ɗan ja shi ya kama jiki, ka ɗinke da ƙananan ɗinki ta baya ko ta cikin cinya inda ba a gani. Yayin ɗinke gwiwa ka lanƙwasa ta rabi. In ka ɗinke a miƙe, yadin zai riƙa mayar da ƙafar duk lokacin da ka lanƙwasa.

Garkuwar sangalin hannu da ta ƙwauri, ka naɗe gaɓar da leda, ka ɗora yumɓu mai siriri a gaba da gefe, ka bar baya a buɗe. In ya bushe ka zare, ka yi fenti irin na takunkumi, ka manna a kan yadin. Su za su rufe bakin ɗinkin da ke wuyan hannu da idon sawu.

Rigar sama, ka yanka ƙyalle ruwan ɗorawa biyu, faɗin santimita ɗaya da rabi, ka auna tsayinsu a jikinsa. Ka shafa farin gam siriri a gefuna ka ninke, don kada zare ya warware. Kowanne ya hau kafaɗa ɗaya, su gangaro su haɗu a cibiya ta gaba da ta baya, bakin kafaɗar ya ɗan zarce waje. Ka ƙara guntu biyu masu saukowa gaba da baya zuwa tsakiyar cinya, ka ɗaure duka da ɗamarar baƙar fata siririya. Dukawa da masu gyaran takalmi ba sa rasa irin wannan guntu.

A wasan 1992 ɗan wasa guda, Daniel Pesina, aka ɗauki hoton motsinsa aka yi Scorpion da wasu jarumai biyu, Sub-Zero da Reptile, launin kaya kawai aka sauya. Kai ma in ka sa shuɗi a inda na ce ruwan ɗorawa ka sami Sub-Zero, in kore ne Reptile.

Mashi da matsayi

Ka yanka kan mashin daga tsohon katin roba, tsayi santimita 2, siffar ganye mai tsini. Ka goge gefuna da samfefa su yi kaifi a ido, ka huda gindin da allura mai zafi, ka shafa baƙi sannan ruwan azurfa sama-sama. Igiyar, ka ɗauki siririyar wayar nan santimita 20 ka naɗe ta da zare ruwan ƙasa daga farko har ƙarshe. Da yake waya ce a ciki, za ta tsaya a iska kamar yanzu aka jefa ta. Mai son kamar wasannin baya-bayan nan ya zura wayar cikin tsinkakkiyar sarƙar wuya. Ka bi da ita ta ramin hannun dama, ka naɗe ragowar a sangali.

Ka karɓi guntun katako wurin kafinta, santimita 10 kowane gefe, ka huda ramuka biyu da ƙusa daidai tazarar ƙafafun, ka shafa masa baƙi. Kada ka sa gam, domin ka riƙa cirewa. Wajen tsayar da shi, ƙafa ɗaya gaba gwiwa a lanƙwashe, ta baya a miƙe, ƙirji ya ɗan juya, kai yana kallon inda mashin ya nufa.

Kada a bai wa yaro ƙarami shi. Akwai tsinin waya da ƙananan sassan da za a iya haɗiyewa. Idan za ka lanƙwasa gaɓa, ka riƙe sassan biyu kusa da ita ka juya a hankali. Ran da gwiwar hannu ta karye, ka farke ɗinkin wurin, ka ɗaga soson, ka jingina sabuwar waya santimita 4 ta haye karayar, ka naɗe bakunanta biyu da zare da gam a jikin tsinken sama da na ƙasa, ka bar tsakiya ba gam, sannan ka mayar da soson ka ɗinke.